Kamun kifin salmon a Manyan Tafkunan Amurka da Kanada: tambayoyi da amsoshi kan su, kula da jirgi da shiga gasa

Duk wanda ya zauna a Chicago, Milwaukee, Toronto ko Rochester ya saba ganin jiragen nan da ke fita tun da jijjifi a watannin Yuli da Agusta, sandunan fatsa jere a bayansu, su dawo da hantsi ɗauke da kifi mai tsawon hannun babban mutum. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin shiga suka fi yi, musamman 'yan uwanmu da suka san su a gida amma ba su san na can ba. Dokokin su kan sauya kusan kowace shekara, don haka duk wani adadi na doka da ka gani a nan, ka gwada shi da littafin hukumar jiharka na bana.

1. Waɗanne tafkuna ake nufi, kuma yaya girmansu?

Biyar ne: Superior, Michigan, Huron, Erie da Ontario. Huɗu suna kan iyakar Amurka da Kanada, Michigan kaɗai ke cikin Amurka ɗungurungum. Su biyar ɗin sun riƙe kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke saman doron ƙasa. Faɗin tafkin Michigan ya kai kimanin murabba'in kilomita 58,000, zurfinsa mita 281. Ontario, ƙaraminsu a faɗi, yana da kimanin 19,000 da zurfin mita 244. Tafkin Chadi, lokacin da yake cike a shekarun 1960, bai wuce 25,000 ba sosai. Idan ka tsaya a gaɓar Michigan ba ka hango ɗaya gaɓar, sai ruwa ya haɗe da sama.

Salmon ɗin da ake ji da shi yana Michigan da Ontario. Erie ba shi da zurfi, yana ɗumi da wuri, kifinsa daban ne. Superior ya cika sanyi, abinci kaɗan ne, kifin ba ya girma sosai. Huron kuwa labarinsa na tambaya ta 11.

2. Salmon ba kifin teku ba ne? Me ya kawo shi ruwan daɗi?

Mutum ne ya kawo shi da gangan, don gyara ɓarnar da mutum ya yi. Babban kifin asali na tafkunan shi ne lake trout. Bayan an faɗaɗa mashigin Welland, wanda ya zagaye gangaren ruwan Niagara domin jiragen kaya, wata halitta mai siffar maciji da ake kira lamprey ta samu hanyar haurawa zuwa sauran tafkunan. Takan manne wa kifi da bakinta mai zagaye, ta huda fata, ta tsotse jini. Guda ɗaya na iya kashe kifayen da jimillar nauyinsu ya kai kilo 18. Ita da kamun kifin kasuwanci marar iyaka suka kusan ƙarar da lake trout a Michigan da Huron zuwa shekarun 1950. A 1955 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa, aka samo maganin da ke kashe 'ya'yan lamprey a cikin rafuka, kuma har gobe ana zuba shi.

Da aka rasa mai cinsa, wani ɗan ƙaramin kifi mai suna alewife, shi ma baƙo daga Tekun Atlantika, ya mamaye tafkin Michigan. Howard Tanner, shugaban sashen kifi na jihar Michigan a lokacin, ya lura cewa ga abinci jibge, babu mai ci. Ya samo ƙwan salmon nau'in coho daga jihar Oregon, aka ƙyanƙyashe, a Afrilun 1966 aka saki 'ya'yan a kogin Platte da rafin Bear. Wani nau'in salmon, Chinook, ya biyo baya a 1967, shekarar da alewife ya mutu da yawan da sai da aka sa katafila kwashe mushensa daga bakin ruwan Chicago. Jihar New York ta bi sahu a tafkin Ontario daga 1968.

Ontario ne kaɗai ya taɓa mallakar salmon na asali, nau'in Atlantika. Madatsun ruwa na injinan niƙa, sare daji da yawan kamu suka gama da shi kafin 1900. Ana ta ƙoƙarin dawo da shi, amma har yanzu kamun sa sai mai rabo.

3. Nau'i nawa ne, kuma yaya zan bambance su?

Chinook shi ne sarki, haka ma masunta ke kiransa. Yakan kai kilo 7 zuwa 12, wani lokaci fiye. Buɗe bakinsa: dasashinsa baƙi ne, kuma ɗigo-ɗigo sun cika jelarsa sama da ƙasa. Coho ƙarami ne, dasashinsa fari-fari, ɗigon jelarsa a ɓangaren sama kawai. Tare da su ake kama steelhead mai yawan tsalle, da brown trout, da lake trout, kuma dole ka iya bambance su domin doka ta kan ware wa wasu adadi na daban.

Chinook mafi girma da aka tabbatar a jihar Michigan an kama shi ne kusa da Ludington a Agustan 2021, nauyinsa fam 47.86, wato kusan kilo 22. Coho mafi girma da ke cikin kundin duniya, mai kimanin kilo 15, daga kogin Salmon na Pulaski a New York ya fito a 1989, ba daga tekun Fasifik ba, inda asalinsa yake.

4. Sai da lasisi?

Sai da shi, ko da daga kan gaɓa kake jefa fatsa, ko da a jirgin haya kake. Kowace jiha da nata, kuma iyakokin jihohi suna ratsa tsakiyar ruwa: lasisin Illinois ba ya aiki a ruwan Wisconsin, na New York ba ya aiki idan ka ƙetara ruwan Kanada. A Michigan wajibi ne daga shekara 17, a New York daga 16. Wisconsin, Illinois da Indiana suna buƙatar ƙarin hatimi na musamman domin salmon. Akwai lasisin yini ɗaya, kuma baƙo ma yana iya saye ta intanet ko a shagon kayan su.

Akwai kuma iyakar kamu. A ruwan Michigan da Wisconsin an saba da kifi biyar a rana ga mutum ɗaya, salmon da trout a haɗe. A ɓangaren New York na tafkin Ontario uku ne. Yawancin jihohin sun yarda da sandar fatsa uku ga kowane mai lasisi, lardin Ontario biyu daga cikin jirgi.

5. Zan iya sa taru ko birgi, in sayar da abin da na kama?

A'a, duka biyun laifi ne, kuma nan ne wanda ya taso cikin masunta ya fi shan mamaki. A wurinmu su sana'a ce da ake gado. A can, tun zamanin Tanner aka yanke cewa salmon na masu nishaɗi ne, domin kuɗin da suke kashewa a otal, mai, jirgi da lasisi ya fi abin da kifin zai kawo a kasuwa. Wanda ya sayar da kifin da ya kama da lasisin nishaɗi, ko a cikin farfesu ne a gidan abinci, tara ke jiransa, ana ma iya ƙwace kayansa. Tarun da za ka gani a tafki na masu lasisin kasuwanci ne ko na ƙabilun asali masu haƙƙin yarjejeniya, irin ta 1836 a Michigan, kuma galibi wani kifi suke nema.

A mafi yawan wurare an kuma hana fizgar ƙugiya don ta soki kifi a jiki. Idan ba a baki ta kama shi ba, sai ka sake shi. Jami'an gandun daji sun fi sa ido kan wannan a koguna cikin Satumba da Oktoba.

6. Yaushe ne lokacin su?

A ƙarshen Maris da Afrilu, coho kan taru a kudancin tafkin Michigan, wajen Indiana da Chicago, inda ruwa ke fara sakin sanyi. A Ontario, Mayu ne watan bakin kogin Niagara. Yuli da Agusta su ne ganiyar Chinook a tsakiyar ruwa. Daga ƙarshen Agusta manyan kan taru a bakin kogunan da aka sake su ko aka ƙyanƙyashe su, su haura cikin Satumba da Oktoba, su zuba ƙwai, su mutu. Chinook da coho sau ɗaya suke haihuwa a rayuwa.

A cikin yini kuwa, awa ɗaya kafin fitowar rana da awa biyu bayanta sun fi sauran lokutan albarka. Jirage kan bar tasha wajen ƙarfe biyar na asuba, don haka ka yi sallarka a gaɓa kafin ka hau.

7. Ba ni da jirgi. Ta ina zan fara?

Ka fara da jirgin haya. A garuruwa irin su Ludington, Manistee, Kewaunee, Algoma, Waukegan, Oswego, Olcott da Port Credit akwai matuƙa masu lasisi da ke ɗaukar mutum shida zuwa ƙasa, na awa biyar ko shida, da kayan aikinsu duka. Kuɗin ɗaruruwan daloli ne, amma idan kun haɗa ku biyar ba ya nauyi. Al'ada ce a ba yaron jirgi tukuici, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Ka sha maganin jiri tun kafin a tashi, ka kuma riƙa tambaya: zurfi nawa, zafin ruwa nawa, gudu nawa. Abin da za ka koya a fita ɗaya tare da gwani ya fi na shekara guda kai kaɗai.

Wanda bai son kashe wannan kuɗin, ya jira Satumba ya je kan katangar tasha ko bakin kogi, kamar Ganaraska a Port Hope ko kogin Salmon a Pulaski. Sai dai cunkoso, kuma kifin ya fara lalacewa, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 10.

8. A ruwa mai faɗi haka, yaya ake sanin inda kifi yake?

Da ma'aunin zafi. A watannin zafi ruwan tafki kan kasu hawa-hawa. Na sama yana da ɗumi, yakan kai digiri 20 ko fiye a ma'aunin Selshiyas. Na can ƙasa yana tsaye a wajen digiri 4. Tsakaninsu akwai siririn hawa inda zafi ke faɗuwa da sauri, kuma a nan alewife ke kiwo, a nan ko ƙasa kaɗan Chinook ke farauta, a ruwa mai digiri 6 zuwa 12. Wannan hawan yana iya kasancewa a zurfin mita 15 yau, jibi ya koma mita 35. Wanda ya sa ƙugiyarsa a ruwan ɗumi zai wuni yana yawo a kan kifi ba tare da an taɓa shi ba.

Iska ce ke motsa hawan. Idan ta buso daga tudu zuwa tafki na kwana biyu, sai ta kore ruwan ɗumi daga gaɓa, mai sanyi ya taso daga ƙasa, kifi ya matso kusa. Shi ya sa mutanen gaɓar Wisconsin ke murna da iskar yamma, na gaɓar Michigan kuma da ta gabas, alhali tafki ɗaya suke. Ƙwararru kan sa wata 'yar na'ura kusa da dalmar da ke nutsar da ƙugiya, tana turo musu zafin ruwa da gudun ƙugiya a can ƙasa, domin ruwan ƙasa yana da nasa gudu da ba ya bin na sama. A ganina wannan na'urar ta fi allon da ke nuna kifi amfani, idan ɗaya kawai mutum zai iya saya.

9. Waɗanne kayan aiki ake amfani da su?

Ba a tsayawa wuri ɗaya. Jirgi na tafiya a hankali, kilomita 3 zuwa 5 a awa, yana jan ƙugiyoyi a zurfi daban-daban. Babbar na'urar ita ce downrigger: wani ɗan winci mai wayar ƙarfe da ƙwallon dalma mai kilo 4 zuwa 7. Ana maƙala zaren fatsa a jikin wayar, a saukar zuwa zurfin da ake so, idan kifi ya cafka sai zaren ya kuɓuce, a yi kokawa da shi babu nauyin dalma. Akwai faifan da ke nutsewa yana jan zare gefe, akwai allunan da ke raba zarurruka nesa da jirgi don kada su sarƙe, akwai zare mai dalma ko tagulla a ciki wanda ke nutsewa da kansa.

Abin yaudarar kifin galibi ƙarfe ne mai siffar cokali da ke walƙiya, ko allo mai juyawa da tuntu a bayansa, ko yankan kifi. Kada sabon shiga ya cika jirgi da sanduna tara. Huɗu da ka iya sarrafawa sun fi, domin Chinook ɗaya na iya jan zare mita ɗari a guje ya harɗe sauran duka.

10. Ana cin kifin, ko akwai matsala?

Ana ci, amma da lissafi. Masana'antu sun bar guba a ƙasan tafkunan, musamman sinadarin PCB da aka hana ƙerawa a Amurka a 1979, da maganin ƙwari mai suna mirex a tafkin Ontario, ga kuma sinadarin makuri. Adadin ya ragu sosai, bai ƙare ba. Kowace jiha da lardin Ontario suna fitar da jagora mai faɗin sau nawa za a ci kowane nau'i a wata, kuma ƙa'idar ta fi tsauri ga yara da mata masu ciki ko masu shirin haihuwa. Gwargwadon girman kifi da shekarunsa, gwargwadon gubar da ya tara. Babban Chinook na hoto ne, ɗan coho na tukunya.

PCB a cikin kitse yake zama. A cire fata, a yanke kitsen ciki da baƙin naman gefe, a gasa ko a yi banda yadda man zai ɗige. Farfesu da kai da fata, irin yadda muke yi wa tarwaɗa, shi ya fi riƙe gubar, don man yana komawa cikin romo. Makuri kuwa a cikin tsoka yake, yanka ba ya rage shi. Da an kama kifi a yanke masa maƙoshi jini ya fita, a binne shi cikin ƙanƙara. Wanda ya riga ya shiga kogi ya yi baƙi ya daina cin abinci, namansa ya yi laushi, ba ya daɗi.

11. Me ya sa ake cewa wannan sun na iya rushewa?

Saboda ya taɓa rushewa. A 1988 aka gano wasu ƙananan halittu masu ɓawo, zebra mussel, a tafkin St. Clair, 'yar uwarsu quagga ta biyo baya. Sun zo ne daga yankin Bahar Aswad cikin ruwan da jiragen kaya ke ɗiba don daidaita nauyi. Sun shimfiɗe ƙasan tafkunan suna tace ƙananan halittun da alewife ke rayuwa a kansu. Ruwa ya yi garau, baƙi na yaba kyansa, amma garau ɗin alamar yunwa ce. A tafkin Huron, alewife ya ƙare wajen 2003 zuwa 2004, Chinook ya bi shi, jiragen haya suka watse daga garuruwan gaɓa.

Ganin haka ne hukumomin tafkin Michigan suka rage yawan Chinook da suke saki, har da ragin kusan rabi a 2013. Masu jiragen haya sun yi ƙorafi, amma ina ganin hukuma ce ke da gaskiya: baki ya fi abinci yawa. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne yanzu fiye da rabin Chinook na tafkin Michigan a koguna ake haifarsu, ba a gidan ƙyanƙyasa ba, ba wanda zai iya rage su da takarda.

12. Ina so in sayi jirgi. Wane iri?

Ka fara shekara biyu kana bin na wasu tukuna. Idan har yanzu kana so, jirgin alminiyam mai zurfin ciki, ƙafa 17 ko 18, ya isa kusa da gaɓa a ranar da ruwa ya kwanta. Wanda zai yi nisan kilomita 15 ko 20 yana buƙatar ƙafa 21 zuwa sama. Ka nemi mai ƙaramin inji na biyu, irin mai ƙarfin doki 9.9: shi ake jan ƙugiya da shi, shi ne kuma zai dawo da kai ranar da babban ya mutu.

Araha ba ta ado. Tsohon jirgin faiba yakan yi kyau a ido alhali katakon da ke cikin bangon bayansa, inda inji ke rataye, ya ruɓe, kuma gyaransa na iya fin kuɗin jirgin. Ka biya ƙwararren mai binciken jirgi, makaniki ya auna matsin kowace silinda, a gwada shi a ruwa kafin ka ba da ko sisi. Kuɗin saye kuma somin-taɓi ne: akwai rajista, inshora, hayar wurin ɗaurewa, ajiyar hunturu da mai. A Kanada sai ka ci jarrabawar katin tuƙin jirgin nishaɗi.

13. Tafki ne fa, ba teku ba. Haɗarin ya kai yadda ake faɗa?

Ranar 23 ga Satumba 1967, lokacin da zazzaɓin coho ya kama mutane, ɗaruruwan ƙananan jirage sun fita gaɓar arewa maso yammacin jihar Michigan duk da gargaɗin da aka yi. Guguwa ta taso, jirage fiye da 150 suka kife, mutum bakwai suka rasu. A Nuwamban 1975 kuma tafkin Superior ya haɗiye jirgin kaya Edmund Fitzgerald mai tsawon mita 222 da mutum 29. Igiyar ruwan tafki gajera ce, a tsaye, tana zuwa kusa da kusa, ba ta ba ƙaramin jirgi damar miƙewa tsakanin ɗaya da ɗaya.

Amma sanyi ya fi guguwa kisa. A watan Mayu rana na iya yin daɗi alhali ruwa bai wuce digiri 6 ba. Masu aikin ceto suna koyar da ƙa'idar 1-10-1: minti ɗaya ka shawo kan numfashinka, minti goma kafin hannu da ƙafa su daina aiki, awa ɗaya kafin ka suma, wannan ma idan kana sanye da rigar ceto. Iya iyo a Kogin Kwara ba ya ceton kowa a nan. Ka sa rigar a jiki, ba a ƙarƙashin kujera ba. Ka riƙe rediyon jirgi a tasha ta 16, don waya kan rasa sabis a nesa. Ka ɗauki harsashin haske na neman agaji, ka ɗaura igiyar kashe inji a jikinka, ka gaya wa wani a gida inda ka nufa da lokacin dawowa.

14. Wace kulawa jirgi ke buƙata a lokacin aiki?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kowace fita ka tabbatar toshiyar ramin zubar da ruwa tana wurinta, famfon kwashe ruwa na aiki, batir biyu a cike, inji kuma yana tsartar da ruwan sanyaya shi. Idan injin fetur ɗinka na cikin jirgi ne, ka kunna fankar fitar da tururin mai na minti huɗu kafin ka tayar.

Ana yin juye duk bayan awa 100 na aiki ko sau ɗaya a shekara. Robar famfon ruwan inji a canza ta duk shekara biyu ko uku ko da ba ta nuna komai ba. Lokaci-lokaci ka cire farfela ka duba bayanta: zaren fatsa kan naɗe a wurin, ya yanke robar da ke tsare man giya, ruwa ya shiga. Idan man giya ya fito fari kamar madara, an riga an yi ɓarna. Fetur mai kashi 15 na ethanol ba na injin jirgi ba ne sam, mai kashi 10 ma yana jan danshi idan ya daɗe a tanki. Kada a manta da tirela: boris ɗin tayoyinta na shiga ruwa da zafinsu, suna son giris a kai a kai. Jirgin da aka sayo daga bakin teku kuma a canza masa ƙarafan da ke tare tsatsa, na zinki ba sa aiki sosai a ruwan daɗi, na magnesiyam ake sawa.

15. Me ake nufi da shirya jirgi domin hunturu?

Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Kwalbar da aka cika aka manta a firiza, ka san yadda take ƙarewa, to haka gangar jikin inji ke tsagewa a dare ɗaya na Nuwamba, kuma inshora sau da yawa ba ta biyan irin wannan. Don haka kafin ƙarshen Oktoba a fitar da jirgi, a tsiyaye duk ruwan da ke cikin inji da tiyo da famfuna, a ɗura maganin hana daskarewa mai ruwan hoda, wanda ba guba ba ne, ba na mota ba. Injin da ke rataye a baya yana tsiyaye kansa idan an bar shi a tsaye.

A yi juye yanzu, kada a bari sai bazara, don tsohon mai na cin ƙarfe. A canza man giya, a zuba wa fetur maganin hana lalacewa a bar inji ya ja shi, a fesa mai a cikin silinda. A cire batir a ajiye inda ba sanyi, a cire toshiyar ruwa, a ɗaga gaban jirgi kaɗan, a lulluɓe shi da tamfol ko leda amma a bar ƙofar iska saboda fumfuna. Wanda bai taɓa yi ba ya biya makaniki shekarar farko, ya tsaya yana kallo.

16. Me ya sa ake tsare mutane kan wanke jirgi?

Saboda halittun tambaya ta 11. 'Ya'yansu ba sa ganuwa da ido, suna rayuwa a ɗan ruwan da ya rage a ƙasan jirgi. A cire ciyawa, a tsiyaye ruwa duka kafin a hau titi, a bar jirgi ya bushe kwana biyar kafin a sa shi a wani tafki. A Michigan wannan tsiyayewar doka ce tun 2019.

17. Gasa iri nawa ce?

Iri biyu. Ta farko ta kowa da kowa ce: ka sayi tikiti, ka yi su lokacin da ka ga dama cikin kwanakin gasar, ka kai kifinka wurin awo, mai kifi mafi nauyi ya lashe. Irin su Salmon-A-Rama a Racine, gasar K/D ta yankin Kewaunee da Door, duka a Wisconsin cikin Yuli, da LOC Derby da ake yi sau uku a shekara a gaɓar New York, da Great Ontario Salmon Derby a yankin Toronto, da ta Owen Sound a ƙarshen Agusta. A nan sa'a na da babban kaso, sabon shiga na iya doke gwani. Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne galibi kowa da ke cikin jirgin sai yana da tikiti tun kafin a kama kifin.

Ta biyu ta ƙungiyoyi ce, ta yini ɗaya ko biyu, da lokacin tashi da na dawowa, da rukunin ƙwararru da na masu koyo. Wanda ya san Argungu zai ga bambanci: can dubban masunta ne ke afka wa Matan Fada lokaci ɗaya da gora da koma a gaban jama'a, nan kuwa kokawar tana faruwa ne nesa da idon kowa, 'yan kallo sikeli kawai suke gani.

18. Yaya ake ba da maki, kuma yaya ake hana maguɗi?

Tsarin da ya fi yawa a gasar ƙungiyoyi shi ne maki 10 ga kowane kifi, da maki 1 ga kowane fam na nauyi, tare da iyakar adadin kifin da za a auna. Kifi biyar masu fam 10 kowanne sun ba da maki 100, biyu masu fam 25 sun ba da 70, alhali nauyinsu ɗaya. Shi ya sa gwanaye ke fara cika adadi da sassafe, sannan su tafi neman manya. Wanda ya makara ko da minti ɗaya ne ana zaftare masa maki ko a kore shi.

A rukunin ƙwararru akan sa ɗan sa-ido daga wata ƙungiya a kowane jirgi, kuma dokokin gasa da yawa sun ba da damar gwada wanda ya lashe da na'urar gano ƙarya. An ƙara tsanantawa bayan abin da ya faru a Cleveland a ƙarshen Satumban 2022, a gasar kifin walleye ta tafkin Erie, inda aka farke cikin kifayen wasu mutum biyu aka tarar da dalma. Kotu ta ɗaure su kwana goma a 2023, aka ƙwace jirginsu, aka dakatar da lasisinsu.

19. Biyan kuɗin shiga gasa don cin kyauta, ba caca ba ne?

Tambaya ce ta malamai, kuma gwara a yi ta kafin a sayi tikiti. Abin da suka fi dubawa shi ne inda kyautar ta fito. Idan kamfani ko hukuma ce ta ba da ita, da yawa ba sa ganin laifi. Idan kuwa kuɗin 'yan takara ne aka tara aka ba wanda ya yi nasara, da yawa suna ganin ya shiga caca. Yawancin gasannin nan haɗin gambiza ne na tikiti da tallafin kamfanoni, don haka ka nemi bayanin yadda ake raba kuɗin daga masu shiryawa, ka kai wa malaminka. Akwai gasannin yara da na ƙungiyoyin unguwa da ba a biyan komai, kofi kawai ake bayarwa.

20. Na kama kifi da ba shi da ɗan ƙaramin fiffiken baya. Ciwo ne?

Ba ciwo ba ne, shaida ce. Kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan gwamnati ana yanke masa ɗan fiffiken naman da ke kusa da jela kafin a sake shi, don a bambance shi da haifaffen kogi. Wasu kuma an sa musu ɗan guntun waya a hanci, wanda ido ba ya gani, mai ɗauke da lambar inda aka sake su da shekarar. Ta haka aka gano cewa kifin da aka saki a tafkin Huron kan ƙaura zuwa Michigan neman abinci. A wuraren awo na gasa da wuraren feɗe kifi za ka ga ma'aikata suna auna tsawo suna karɓar kawuna, wasu tashoshin kuma suna da firiza da takardar cikewa. Ka yanke kan, ka rubuta rana da wuri da tsawon kifin, ka sa a leda ka ajiye musu.